Masu Riƙe Igiya: Ikilisiyar Ƙauye da Aikin Mishan

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin haƙa rijiya ya san mutum ɗaya ne yake ƙasa, amma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai masu riƙe igiya, akwai masu jawo ƙasa, akwai mai kawo ruwan sha da fura. Idan na sama suka gaji suka watse, na ƙasa ba shi da hanyar ci gaba da aiki, ba shi kuma da hanyar fitowa.

Da irin wannan misali ne William Carey ya yi wa abokansa magana. Shi mai ɗinkin takalma ne a Ingila wanda ya zama fasto. A shekarar 1792 shi da waɗansu fastocin Baptist suka kafa ƙungiyar mishan a garin Kettering, kuma baikon da suka tara a ranar fam 13 ne da sule biyu da sisi. Da zai tafi Indiya a 1793, ya kwatanta tafiyar da shiga rami mai zurfi. Ya yarda zai shiga, muddin su za su riƙe masa igiya. Abokinsa Andrew Fuller ya ɗauki maganar da gaske. Ya yi ta yawo daga ikilisiya zuwa ikilisiya yana neman taimako har ya rasu a 1815. Carey kuwa bai sake komawa Ingila ba, a Indiya ya mutu a 1834.

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan masu riƙe igiya, wato mu da muke gida.

Abin da yakan faru bayan ranar sallama

Yawancinmu mun taɓa halartar sujadar sallamar mai bishara. Majami'a takan cika maƙil. Mawaƙa su yi waƙa, zumuntar mata su kawo kwanuka da zannuwa, dattawa su ɗora masa hannu, a yi alkawarai masu daɗin ji. A wata na farko taimako yakan kai a kan lokaci. A wata na biyu ya makara kaɗan. Kafin damina ta yi tsakiya rufin majami'armu ya fara yoyo, ga bikin ɗan wani dattijo, ga kuɗin taron gunduma, sai a ce ma'aikacin mishan ya ɗan yi haƙuri.

Mun taɓa ziyartar wani mai bishara a watan Agusta, ana tsakiyar marka. Ba mu same shi a gida ba. Matarsa ta ce yana ƙwadago a gonar wani, domin wata huɗu ke nan ba a aiko musu da komai ba. Babbar 'yarsu ta bar makaranta. Ikilisiyar da ta aiko shi ba miyagun mutane ba ne, kuma kowace Lahadi suna ambaton sunansa cikin addu'a. Abin da ya faru shi ne ba a ɗora wa kowa nauyin tunawa da shi ba. Kowa yana zaton wani ya aika. Da muka tambaye shi me ya sa bai yi magana ba, ya ce yana jin kunya kada a ce ya tafi neman abinci ne, ba aikin Ubangiji ba.

Ba mu ba da wannan labari don a zargi kowa ba. Mun ba da shi ne domin irinsa yana da yawa, kuma abin da yake kawo shi abu ne da za a iya gyarawa.

Aikin ba na Turawa ba ne kaɗai

Har yanzu akwai masu jin kalmar mishan su tuna da Bature da mota da akwatin magani. Gaskiya ne baƙi ne suka fara, kuma sun biya da rayukansu. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin shiga ƙasar da ake kira Sudan a lokacin. Babu wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu. Kafin ƙarshen 1894 Gowans da Kent sun mutu, Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Sai a 1902 aka samu kafa tasha ta farko a Patigi, bayan an sami masu goyon baya a gida. Daga nan ne mishan ta SIM ta yaɗu, har ta kai Damagaram a ƙasar Nijar a 1924. Mishan ta SUM ta fara a Wase a 1904, 'yan Brethren kuma suka fara a Garkida a 1923.

Amma idan muka tambayi tsofaffinmu wa ya fara kawo bishara ƙauyenmu, sau da yawa ba sunan Bature za su faɗa ba. Za su ambaci wani malami daga ƙauyen da ke kusa, wanda ya zo a ƙafa ko a keke, ya koya wa yara karatu a gindin itace da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Wa ya ciyar da wannan malami? Manoma irinmu. A 1948 aka kafa ƙungiyar mishan ta 'yan ƙasa wadda yau ake kira EMS, tun kafin ikilisiyar ECWA kanta ta tsaya da ƙafarta a 1954. Rabaran Panya Baba ya shugabance ta daga 1970 zuwa 1988, kuma a zamaninsa aikin ya faɗaɗa har ƙetaren Nijeriya. A 1975 waɗansu matasa suka fara ƙungiyar CAPRO a Zariya. Sauran ɗarikoki ma kowace tana da sashenta na mishan. Saboda haka aikawa da ciyarwa gado ne a wurinmu, ba sabon abu ba.

Abin da ikilisiyar Antakiya ta yi

Ku karanta Ayyukan Manzanni 13:1-3 tare, sa'an nan 14:26-28. Ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu, ta sallame su. Mu lura da abu biyu. Na farko, ba waɗanda suka rasa abin yi ta aika ba, manyan malamanta ne. Na biyu, da suka gama zagayen, Antakiya suka koma, aka tara ikilisiya suka ba da labarin dukan abin da ya faru, suka kuma daɗe a can tare da masu bi. Ashe igiyar ba ta tsinke ba.

Ikilisiyar Filibi ta fi kama da mu. A 2 Korintiyawa 8 Bulus ya shaida cewa ikilisiyoyin Makidoniya, inda Filibi take, suna cikin tsananin talauci, amma su ne suka roƙa a ba su zarafin bayarwa. A Filibiyawa 4:15-16 ya ce da ya bar Makidoniya babu ikilisiyar da ta haɗa kai da shi wajen bayarwa da karɓa sai su, kuma tun yana Tasalonika sun aika masa ba sau ɗaya ba. Wannan "ba sau ɗaya ba" shi ne zancen da muke yi. Kyauta mai yawa ta rana ɗaya tana da daɗi, amma kaɗan mai zuwa kowane wata ita ce take riƙe gida.

A yi lissafi kafin a yi alkawari

Kafin ikilisiya ta ce za ta ɗauki nauyin wani, bari dattawa da shugabannin mata da na matasa su zauna da alli a gaban allo. A fara da abinci, domin shi ne muka fi sani. A gidajenmu da yawa, mutum shida sukan ci wajen tiya ɗaya ta hatsi a rana. A kasuwanni da yawa buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40. Ke nan a shekara irin wannan gida yana bukatar wajen buhu tara. Ku tambayi mata, su za su gyara lissafin daidai da ma'aunin garinku. Bayan hatsi akwai wake, mai, gishiri, sabulu, kuɗin niƙa, kuɗin makaranta, magani, man babur, da kuɗin motar zuwa gida ko da sau ɗaya a shekara.

Idan an haɗa jimla, yawanci jiki yakan yi sanyi. Ba laifi. Gara a ga gaskiya a kan allo da a gan ta a fuskar 'ya'yan mai bishara. Idan ikilisiya ɗaya ba za ta iya ba, sai uku ko huɗu da ke maƙwabtaka su haɗa kai, kowace ta san rabonta. Wata ta ɗauki hatsi, wata kuɗin makaranta, wata magani da sufuri. Ko kuwa ikilisiya ta faɗa wa sashen mishan na ɗarikarta a fili cewa kashi ɗaya cikin huɗu za ta iya, ta kuma cika shi. A rubuta alkawarin a takarda, a sa tsawon lokacinsa, misali shekara uku, a karanta wa jama'a.

Akwai wani abu kuma da shekarun baya suka koya mana. Bayan an cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu 2023, kuɗin mota da farashin abinci suka yi tashin gwauron zabi. Ikilisiyoyin da suka yanka wa ma'aikaci kuɗi kaza a wata sun ci gaba da aika adadin nan, suna ganin sun cika alkawari, alhali kuɗin ba ya sayen rabin abin da yake saya a da. Shawararmu ita ce a yi alkawarin abinci da ma'aunin hatsi, ba da naira ko sefa ba. Idan an ce tiya 30 a wata, to tiya 30 ce, ko hatsin ko kuɗinsa a farashin kasuwar ranar.

Hannu ɗaya na hatsi

A jihar Mizoram da ke arewa maso gabashin Indiya, matan ikilisiya suna da wata al'ada da ta fi shekara 100. Duk lokacin da mace ta auno shinkafar da za ta dafa, sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta zuba a wani kwano dabam. Ana tarawa a kai majami'a, a sayar, kuɗin ya shiga aikin bishara. Mutanen Mizoram ba masu arziki ba ne, amma ikilisiyoyinsu sun shahara wajen aika ma'aikata zuwa sauran sassan Indiya da ƙasashen waje, kuma wannan shinkafa tana cikin abin da ya riƙe aikin.

Mu gwada da namu. Idan mace ta riƙa ɗibar hannu ɗaya ko biyu na dawa ko gero ko masara kowace rana kafin ta surfa, a wata za ta tara wajen tiya ɗaya, kuma tuwon gidan ba zai nuna an rage ba. Gida 40 ke nan buhu ɗaya a wata, buhu 12 a shekara. Ya wuce cin gidan mai bishara, har a sayar da saura a yi cefane. Abin da muka fi so game da wannan hanya shi ne ba ta ware kowa. Gwauruwar da ba ta da ko kwabo ranar Lahadi tana da hannu a ciki. Yara suna gani suna koyo. A Luka 8:1-3 ma mata ne, Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana da waɗansu da yawa, suka riƙa ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga abin hannunsu. Idan aka bar wa zumuntar mata wannan aiki, a bar musu shi gaba ɗaya, da awo da rubutu da mabuɗin ɗakin ajiya. Mun ga inda maza suka karɓe mabuɗi, sai kwanukan suka daina cika.

Hanya ta biyu ita ce gonar mishan. Wani ya ba da aron fili, a yi gayya wajen shuka da noma da girbi. Tana da amfani ƙwarai, amma mu faɗi gaskiya, gonar kowa da kowa ita ce ciyawa take fara cinyewa, domin a lokacin da take bukatar noma kowa yana fama da tasa. Inda ta yi nasara, an sa ranar gayya tun kafin ruwan farko, an kuma naɗa mutum ɗaya mai kula. Inda gayya ta gagara, ya fi sauƙi kowane manomi ya keɓe kunya biyar ko goma a gonarsa, ko dami ɗaya a lokacin kaka. Waɗansu sukan ba wa matasa ɗan akuya ko kaji su yi kiwo da sunan mishan. Wanda ba ya noma, kamar tela ko makaniki ko malamin asibiti, yana iya ba da sana'arsa: ɗinkin kayan makarantar yara, gyaran babur, duba lafiya.

Ajiya tana da muhimmanci kamar tarawa. Hatsi yana araha da kaka, yana tsada daga Yuni zuwa Agusta, kuma a lokacin ne gidan mai bishara ya fi shan wuya, mu ma hannunmu ya fi ƙarewa. Kada a kwashe duka a aika ko a sayar a Nuwamba. A raba shi kashi-kashi, a ɓoye na damina. Ga wake da masara, buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS yana taimako. Leda biyu ne a ciki da buhu a waje. Idan hatsin ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda dabam, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Sai dai a kiyaye shi daga ɓera, a kuma ɗora shi a kan katako, ba a ƙasa ba.

Kuɗi da amana

Babu abin da yake kashe bayarwa kamar zargi. Bulus ya san haka. Da ake tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, ya ce kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa (1 Korintiyawa 16:1-2), kuma bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ikilisiyoyi ne suka zaɓi wanda zai raka shi, don kada kowa ya sami abin faɗa (2 Korintiyawa 8:18-21). Idan manzo ya bukaci shaidu, ma'ajinmu bai kamata ya ji haushi ba idan an sa masa mataimaki.

Mutum biyu su ƙirga, su sa hannu a littafi. Kuɗin mishan ya zauna dabam da kuɗin gini, kuma kada a ranta daga cikinsa da cewa za a mayar. Mun san yadda wannan rance yake ƙarewa. Kowane wata uku a karanta wa ikilisiya abin da ya shigo da abin da ya fita. Idan ta waya ake aikawa, a tuna mai bishara zai biya kuɗin cirewa a wurin mai POS, wani lokaci ma sai ya hau babur zuwa garin da ke da sabis, don haka a ƙara masa wannan a kai. A kira shi a tabbatar ya karɓa. Idan kuma a ƙarƙashin sashen mishan na ɗarika yake, a sanar da su abin da muke aikawa, domin kada wani ma'aikaci ya sami ninki biyu, wani kuma a manta da shi.

A aika mutum, ba kaya kaɗai ba

Filibiyawa ba kyauta kawai suka aika wa Bulus a kurkuku ba. Sun aika da ɗaya daga cikinsu, Abafaroditus, wanda ya yi masa hidima har ya yi ciwo kamar zai mutu (Filibiyawa 2:25-30). Ziyara tana nuna abin da waya ba ta nunawa. Mai bishara zai ce lafiya lau, amma wanda ya kwana a gidansa zai ga rufin ɗaki, zai ga nisan rijiya, zai ga ko akwai gidan sauro a kan gadon yara.

A shirya ziyara aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya da rani, ɗaya kafin hanya ta lalace da damina. Mutum biyu ko uku sun isa, kuma su tafi da abincinsu. Ayarin mutum 20 da za su sauka a gidan da ba shi da tiya biyar ba taimako ba ne. Lalle a sa mace a cikin masu zuwa. Matar mai bishara ita ce aka fi mantawa da ita. Ta bar uwarta da ƙawayenta, tana zaune cikin mutanen da wataƙila ba ta jin harshensu, ita ce take ɗebo ruwa, take karɓar baƙi, sau da yawa kuma ta wurinta ne matan garin suke fara kusantar bishara. Akwai abin da ba za ta taɓa faɗa wa dattijo namiji ba, amma za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace a bakin murhu.

Zancen yara shi ne ya fi mayar da ma'aikata gida kafin lokaci. Wuraren da ake bukatar mai bishara sau da yawa su ne wuraren da babu makarantar kirki. Wani gida a ikilisiya zai iya riƙon yaro ɗaya a lokacin karatu, kamar yadda muke riƙon 'ya'yan danginmu, ikilisiya kuma ta taimaka da kuɗin makaranta. Amma riƙo na gaskiya, ba a mai da yaron ɗan aike ba.

Sai rashin lafiya. A keɓe ɗan kuɗi da ba a taɓawa sai don gaggawa: haihuwa mai wuya, zazzaɓin cizon sauro da ya yi tsanani, haɗarin babur, saran maciji. Wanda kububuwa ta sara yana bukatar allurar maganin dafi a asibiti, irin wanda ake yi a Kaltungo ta jihar Gombe, kuma ba ya jiran baikon Lahadi mai zuwa. A san tun da wuri wane asibiti ne mafi kusa da shi, da wanda za a kira da dare.

Addu'a da kame baki

Addu'ar "Allah ya taimaki 'yan mishan a ko'ina" tana da kyau, amma wadda aka yi da sani ta fi riƙe zuciyar jama'a. A naɗa mutum ɗaya da zai riƙa kiran mai bishara kowane mako biyu, ya kawo wa ikilisiya abu biyu ko uku na godiya da na roƙo. Wannan mutum shi ne bakin igiyar. Idan babu shi, labarin da muka ba da a farko zai maimaitu.

Sai dai a yi hankali. A waɗansu yankuna akwai masu garkuwa da mutane, a waɗansu kuma wanda ya karɓi bangaskiya yana iya rasa gida da dangi idan labari ya fita ba a kan lokaci ba. Kada a sa hoton sababbin masu bi, ko sunayensu, ko sunan ƙauyen, a Facebook ko WhatsApp ba tare da izinin mai bishara da nasu ba. Kada a sanar a lasifika ranar da za a kai kuɗi ko hatsi. Idan kuma wuri ya yi zafi har ma'aikaci ya janye iyalinsa, kada mu da muke kwana lafiya mu ce ya rasa bangaskiya. Bulus kansa an taɓa zurara shi cikin kwando ta katangar Dimashƙu da dare.

Abin da bai kamata mu nema a wurinsa ba

Wanda ya ba da hatsi yakan so ya ga amfani, wannan halin ɗan Adam ne. Amma idan kowane kira tambayarmu ita ce mutum nawa suka tuba, muna tura mutumin kirki zuwa ga ƙarin gishiri. Carey ya yi shekara bakwai a Indiya kafin ya yi wa mutum na farko baftisma a 1800. Koyon harshe kaɗai yana cin shekaru, samun amincewar mai gari da maƙwabta ma haka. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: Yaya harshen yake tafiya? Wa yake zuwa gidanka hira? Me ya fi damun mutanen garin? Kana samun hutu?

Haka kuma idan mun aika kayan taimako, ko mun taimaka aka gyara rijiya ko aka buɗe ajin yaƙi da jahilci, a bar kowa ya amfana, Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya, ba tare da sharaɗi ba. Bangaskiyar da aka saya da buhun masara takan ƙare ranar da buhun ya ƙare, kuma tana ɓata sunan mai bishara a idon gari. Mu ƙarfafa shi ya girmama sarakuna da malamai da al'adun mutanen da ya tarar, ya halarci sunansu da jana'izarsu. Baƙo ne, kuma zamansa lafiya da su yana cikin saƙonsa.

Waɗansu suna tambaya ko ya dace ma'aikacin mishan ya yi noma ko sana'a. Bulus ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti (Ayyukan Manzanni 18:1-3). Gona ko keken ɗinki ko aikin kafinta yakan sa mutanen gari su ɗauke shi nasu, ya kuma rage wa ikilisiya nauyi. Taimaka masa da iri da taki ko kayan aiki dabara ce mai kyau. Abin da ba daidai ba shi ne mu fake da wannan mu janye hannu. A aya ta 5 ta wannan sura, da Sila da Timoti suka iso daga Makidoniya, Bulus ya duƙufa ga wa'azi.

Ranar dawowa

Wata rana zai dawo, ko hutu, ko canjin wuri, ko tsufa. Mutumin da ya yi shekara 15 ko 20 a wani wuri yakan tarar gonar gadonsa tana hannun wasu, ɗakinsa ya rushe, sa'o'insa sun yi gini shi ba shi da ko bulo ɗaya. Dattawa su kula da wannan tun yana can: a tsare masa gonarsa, a riƙa yaɓe ɗakin, idan ɗarika tana da asusun fansho a tabbata ana biya masa. Idan ya mutu a bakin aiki, alkawarin da aka yi masa ya koma kan matarsa da 'ya'yansa har su tsaya da ƙafarsu, kuma a rubuta haka a takardar tun ranar farko.

Idan ya zo hutu, a ba shi Lahadi ɗaya ya ba da labari a gaban ikilisiya duka, matarsa ma a ba ta lokaci a zumuntar mata. Bayan haka a bar su su huta. Kada a cika masa mako da wa'azi daga wannan majami'a zuwa waccan don a ce an mori zuwansa. Kafin ya koma, kwamitin mishan ya zauna da shi da matarsa, a buɗe littafi, a duba watannin da taimako ya makara da dalilin makararsa, a sake auna tiya da kuɗin makaranta da farashin bana, a kuma sa ranar ziyara ta gaba.